Sata da shari'a a kwarin Komadugu: tarihin wanda ake tuhuma, daga Barno zuwa kotun Difa

Gabatarwa

Wannan ƙasida ta shafi mutumin da aka kama bisa zargin sata a garin Difa da kwarin Komadugu. Tambayoyi huɗu muke yi game da shi: wa ke kama shi, gaban wa ake kai shi, da wane harshe ake yi masa tambaya, kuma mene ne ake nema daga gare shi. Amsoshin waɗannan tambayoyi sun sake sau da dama tun daga zamanin daular Barno. Za mu bi su zamani bayan zamani, muna dogara da tarihi da kuma kalmomin da mutane ke amfani da su. Za mu fi ba da ƙarfi ga satar dabbobi, domin a wannan yanki shanu da raƙuma da ƙananan bisashe su ne babbar dukiya tun kafin tattasai ya zama abin kasuwa.

Abin da muke son nunawa shi ne: a da, shari'ar sata ta fi damuwa da komawar kaya hannun mai su, tun zuwan Turawa ta koma damuwa da hukunta wanda ya ɗauka. Dokar ta sake, amma kalmomin jama'a ba su bi ta ba gaba ɗaya, kuma wanda ake tuhuma shi ne ke biyan kuɗin wannan saɓani.

1. Wuri da mutane

Kogin Komadugu Yobe ya taso ne daga inda kogunan Haɗeja da Jama'are ke haɗuwa, ya gangara gabas zuwa tafkin Cadi. A ƙarshen tafiyarsa, tsawon kamar kilomita 150, shi ne iyaka tsakanin Nijar da Najeriya. Garin Difa na bakinsa ta arewa, kimanin kilomita 1360 daga Yamai. A kwarin akwai Barebari manoma da masunta, musamman Mobar da Manga. Akwai Fulani makiyaya. Daga arewa akwai Tubawa da Larabawa masu raƙuma. A tsibiran tafki akwai Buduma. Hausa harshen kasuwa ce da ta ma'aikata, amma ba ita ce harshen gida na yawancin mutanen kwarin ba. Wannan batu zai dawo mana a gaba.

2. Kalmomin ɗaukar kayan wani

Hausa ba ta tara kowace irin ɗauka a ƙarƙashin suna ɗaya. Sata ɗauka ce a ɓoye. Sane zare abu ne daga aljihu ko jaka a cikin taro. Ƙwace ɗauka ce da ƙarfi a idon mai kaya. Fashi tare hanya ne da makami. Hari kuwa tafiya ce ta ƙungiya zuwa ƙasar wasu, abin da aka samo kuma sunansa ganima. Cin amana ya shafi abin da mai shi ya ba da da hannunsa, zamba da damfara kuma abin da aka karɓa da yaudara. Wanda ke sayen kayan sata yana sane, shi ne ɓarawon zaune.

Idan aka dubi kalmomin shari'a kansu, za a ga hawa uku. Hawa na farko daga Larabci: shari'a, alƙali, hukunci, shaida, haddi, diyya. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi da dama na karatu da na mulki ta hanyar Barebari suka shigo Hausa, kamar yadda sarautun galadima, yarima, ciroma da kacalla suka shigo. Hawa na biyu daga Faransanci: kumandan, jandarma, lampo, da kaso, wadda asalinta «cachot» ce. Hawa na uku daga Ingilishi, ta ƙetaren kogi: kotu, lauya, fursuna, beli. Mutumin Difa na iya haɗa hawa ukun a jimla ɗaya, ya ce jandarma sun kai ɗan'uwansa gaban alƙali, an hana beli, yana kaso. Kowace kalma a jimlar nan zamaninta daban.

3. Zamanin Barno

Kwarin Komadugu shi ne cibiyar daular Barno. A wajajen 1470 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu kusa da kogin, birnin kuma ya zama babban birni har zuwa 1808, lokacin da masu jihadi suka ci shi. Limamin fada Ahmad bin Fartuwa, wanda ya rubuta tarihin Mai Idiris Aloma a ƙarshen ƙarni na 16, ya yaba masa a kan cewa ya sa mutane su riƙa kai ƙararsu gaban alƙalai maimakon gaban sarakuna. Mazhabar da ake bi ita ce ta Maliku, littattafan da ake karantawa kuma sun haɗa da Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil.

Abin da aka fi sani daga wannan fiƙihu shi ne haddin yanke hannu. Amma sharuɗɗansa suna da tsauri. Sai kayan sun kai nisabi, watau rubu'in dinari ko dirhami uku. Sai an fitar da su daga ma'ajiyarsu. Sai ɓarawon ya amsa da bakinsa ko adilai biyu sun ba da shaida, kuma idan ya janye amsawarsa haddi ya faɗi, ko da yake biyan kaya na nan a kansa. Dabbar da aka kora daga makiyaya ba a yanke hannu a kanta, sai wadda aka fitar daga garke. Wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya ma ba a yanke masa. A ƙasar makiyaya, wannan na nufin cewa kashi mai yawa na satar dabbobi ba ya kai ga haddi: yana ƙarewa ne da mayarwa, da biya, da horon da mai mulki ya ga ya dace.

A ƙauyuka, tun kafin magana ta kai ga alƙali, akwai bulama da lawan. Idan saniya ta ɓace, sai a bi sawu. Idan sawu ya shiga wani gari, sai a nemi mutanen garin su nuna inda ya fita ko su fito da dabbar. Wanda aka zarga ba tare da shaida ba yakan wanke kansa da rantsuwa da Alƙur'ani. Ba ya tsayawa shi kaɗai: danginsa ne ke biya idan abin ya tabbata, su ne kuma ke ɗaukar kunyar. Shaidar mallaka tana jikin dabbar, lambar wuta a raƙuman Tubawa da na Larabawa, tsagar kunne a shanun Fulani.

Bai kamata a ƙawata wannan zamani ba. Wanda yake da ubangida a fada ya fi talaka samun sauƙi, bawa kuma shi kansa dukiya ne da ake sacewa. Sannan duk wannan tsari na aiki ne a tsakanin mutanen da ke ƙarƙashin sarauta ɗaya. Abin da aka ɗauko daga waje hari ne, ba mai kai ƙararsa. A ƙarni na 19, da ƙarfin Barno ya ragu, arewacin kogin ya sha hare-haren Abzinawa da Tubawa, da na Larabawan Aulad Sulaiman waɗanda suka sauko Kanem daga Fezzan bayan 1842, da na Buduma daga tafki. Matafiya irin su Barth a shekarun 1850 da Nachtigal a shekarun 1870 sun tarar da wannan hali. Daga baya Rabe ya ci Barno a 1893, ya riƙe ta har aka kashe shi a Kusiri a 1900. Zakari Maikorema ya yi nazarin wannan tarihi game da ƙasar Mangari a littafinsa na 1985. A irin wannan yanayi, wanda aka kore wa garke yakan rama ne da kore garken maharan, karin maganar nan kuma ta bayyana hujjarsa: sata a gidan ɓarawo rance ce.

4. Zamanin Nasara

Turawa sun kawo sauyi uku.

Na farko iyaka ce. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906, da aikin shata iyaka da Kyaftin Tilho ya jagoranta ta ɓangaren Faransa a 1907 da 1908, sun mai da kogin Komadugu iyakar mulki biyu. Kogin da ake ƙetarewa da ƙafa da rani ya zama wurin da sawu ke yankewa a idon hukuma. Dangi ɗaya ne a gaɓa biyu, kasuwannin dabbobi mafi girma kuma suna kudu, amma mai bin sawu daga arewa ba ya da ikon kama kowa idan ya haye.

Na biyu shi ne soke bambanci tsakanin hari da sata. Ga kumandan, duk wanda ya kori dabbar wani ɓarawo ne ko ɗan fashi, ko ramuwa yake yi ko farawa. Ga matashin Batube kuwa, kamar yadda Jean Chapelle a 1957 da Catherine Baroin a 1985 suka bayyana, koro raƙuman baƙi abin nuna jarunta ne, mai ƙa'idojinsa: akwai waɗanda ba a taɓa wa dukiya, akwai kuma hanyar mayarwa idan aka gane lamba. Doka ɗaya ta faɗa a kan mutane biyu da ba su ɗauki aikin da ma'ana ɗaya ba, watau wanda ya saba da hari da wanda aka saba kai wa hari.

Na uku shi ne kaso. Dokar 10 ga Nuwamba 1903, wadda ta tsara shari'a a Afirka ta Yamma ta Faransa, ta bar wa ƴan ƙasa kotunan da ke hukunci da al'ada, muddin al'adar ba ta saɓa wa abin da dokar ta kira ƙa'idojin wayewar Faransa ba. A aikace, an soke yanke hannu da sauran horon jiki, an sa ɗauri a madadinsu. Manyan laifuka suna zuwa kotun da kumandan ke shugabanta, sarakuna da malamai na zaune a gefensa a matsayin masu ba da shawara. Ban da wannan akwai tsarin «indigénat», wanda ya ba kumandan ikon ɗaure mutum har kwana 15 ko cin tararsa har faran 100 ba tare da shari'a ba, kafin a sassauta shi a 1924. Fursuna kuma ma'aikaci ne na kyauta: da shi ake gina bariki da gyaran hanya.

Wannan ya taɓa mai kaya shi ma. A da, kama ɓarawo hanya ce ta samun saniya. Yanzu ana iya kama shi a ɗaure shi, saniyar kuma ta tafi. Shi ya sa mutane da yawa suka ci gaba da sasantawa a gaban bulama, ba sa kai magana bariki sai ta gagara.

A wannan zamani ne tafinta ya zama babban mutum. Kumandan ba ya jin Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci, wanda ake tuhuma ba ya jin Faransanci, abin da ya shiga rajista kuma shi ne abin da tafinta ya faɗa. An soke «indigénat» a ƙarshen 1945 da farkon 1946, dokar 30 ga Afrilu 1946 kuma ta ƙwace shari'ar laifuka daga kotunan ƴan ƙasa ta mai da ita ga kotunan Faransa da kundin laifukanta. Daga ranar nan al'ada ta fita daga shari'ar sata a hukumance.

5. Bayan samun ƴancin kai

Jamhuriyar Nijar ta riƙe wannan tsari. Kundin laifuka na 15 ga Yuli 1961 da kundin hanyoyin shari'ar laifuka na 14 ga Agusta 1961 an gina su ne bisa na Faransa. Dokar 16 ga Maris 1962 ta bar wa al'ada aure, saki, gado da gonaki, ba ta bar mata laifuka ba. A 1964 aka mai da Difa, wadda a da ƙaramin gari ce, hedkwatar jiha, ma'aikatu da jandarma da gidan kaso suka biyo. Sarakunan gargajiya, irin su Kazalma na Komadugu da sarakunan Shetimari, Boso, Maine-Sorowa da Ngigmi, dokar 30 ga Maris 1993 ta amince musu da ikon sasanci a al'amuran al'ada, na zaman jama'a da na ciniki. Sata ba ta cikin wannan jeri, ko da yake a ƙofarsu yawancin ƙararrakinta ke farawa.

Aya ta 306 ta kundin 1961 ta gina laifin sata a kan abubuwa uku: ɗauke abu, abin ya zama na wani, a kuma ɗauke shi da mugun nufi. Kundin ya ƙara nauyin hukunci idan an yi satar da dare, ko cikin ƙungiya, ko da makami, ko da fasa gida, ya kuma ware sashe na musamman ga satar dabbobi. Ya ware cin amana, zamba da karɓar kayan sata a matsayin laifuka masu zaman kansu. Rarrabuwar ta yi kama da ta Hausa, amma iyakokinsu ba su faɗa wuri ɗaya ba. Kalmar «vol» ta rufe sata, sane, ƙwace, fashi da hari baki ɗaya. Bahaushe ba zai kira ɗan fashi ɓarawo kawai ba, Batube kuma ba zai yarda a kira maharin kakanninsa da wannan suna ba.

Mu ɗauki misali. Makiyayi ya karɓi saniya ta hanyar haɓɓanaye, al'adar Fulani inda ake ba mutum aron saniya ya riƙe ƴaƴan da ta haifa sannan ya mai da uwar. Mai saniyar ya rasu, magada suka ce a mai da ta tun lokaci bai yi ba, suka zo suka kore ta, shi kuma ya bi dare ya koro abarsa. Aka kai ƙara. Jandarma ya tambaye shi da Faransanci ko ya amsa abin da ake zarginsa da shi. Wani ya juya tambayar zuwa Hausa: «Kai ka ɗauki saniyar?» Wani kuma ya juya ta zuwa Fulatanci. Amsa ta dawo: «Ni na ɗauka.» A takarda sai a rubuta cewa ya amsa laifi. Amma aikatau «ɗauka» ba ta ɗauke da nufi. Abu na farko kaɗai ya amsa daga cikin ukun da doka ta gindaya, kuma a kan na biyu da na uku ne rigimar take. Ya dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta masa da harshensa ba, takardar kuma za ta riga shi isa gaban alƙali. Lauyoyin ƙasar kusan dukansu a Yamai suke. Dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ba da agajin shari'a don rage wannan giɓi, amma agajin yakan zo ne bayan an riga an rubuta takardar farko.

6. Fari, bindiga da dawowar hari

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun hallaka garkuna, sun kuma sauya masu su. Makiyaya da yawa suka koma kiwon shanun attajirai da na ma'aikata, abin da ya yawaita ƙararrakin cin amana: dabba ta mutu ne, ta ɓace ne, ko an sayar da ita? Brigitte Thébaud ta nuna yadda rijiyoyin siminti na gwamnati, waɗanda ba su da mai su, suka raunana tsohon tsarin da mai rijiya ke sanin duk wanda ya shigo makiyayarsa. Bayan faɗuwar Hissène Habré a Cadi a Disamba 1990, bindigogi suka cika yankin. A tsakiyar shekarun 1990 tawayen ƙungiyar FDR ya ɓarke, Fulani da Larabawa suka kafa ƙungiyoyin kare kai, korar garkuna ta zama makamin yaƙi, har aka sa hannu kan yarjejeniyar Njamena a Agusta 1998. Kotun da aka tsara don mutum ɗaya da ya saci akuya ba ta da abin yi da garken da ƙungiya ta kora. A ƙetare, jihohin arewacin Najeriya sun dawo da haddi: a Maris 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Zamfara saboda satar saniya, laifin da a Difa hukuncinsa ɗauri ne.

A ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, kwanaki kaɗan bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci. An hana hawa babur, an hana cinikin kifi da tattasai na wani lokaci, a watan Mayu kuma aka kwashe mutanen tsibirai. Mayaƙan sun kori shanu masu yawa, har gwamnatin jihar Barno ta rufe wasu kasuwannin shanu a 2016 don toshe hanyar sayar da su. A wannan hali tuhuma ta ƙara nauyi. Wanda aka samu da saniya mai lambar wani, a da ɓarawon zaune za a ce da shi. Yanzu ana iya cewa yana ciyar da ƴan ta'adda. Irin wannan tuhuma kotu ta musamman da ke Yamai ce ke sauraronta, an kuma kai ɗaruruwan mutanen Difa gidajen kason Kollo da Kutukale, nesa da shaidunsu da masu jin harshensu. A Yuli 2018 kotun ta zo ta zauna a Difa, kuma wannan ya nuna cewa hukuma kanta ta ga matsalar nisan.

Kammalawa

Mun ga cewa wanda ake tuhuma da sata a kwarin Komadugu ya tsaya gaban bulama da alƙali, sannan gaban kumandan, sannan gaban alƙalin jamhuriya. A kowane mataki ya ƙara nisa da danginsa da kuma harshensa. Ya sami wasu kariya da a da babu su: an daina yanke gaɓa, an rubuta laifuka da iyakar hukuncinsu, an ba shi damar ɗaukaka ƙara. Amma kariyar da ke rubuce da harshen da ba ya ji rabinta kawai ke isa gare shi.

Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, kundin da aka zartar a Maris 2025 kuma ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. Ga Difa wannan ya taɓa rabin matsalar ne kawai, tunda Hausa a can sau da yawa gada ce tsakanin Faransanci da Barbarci, Fulatanci ko Tubanci. Aikin da ya rataya a wuyan masana harshe a bayyane yake. Na ɗaya, a tattara kalmomin ɗauka, aro, ajiya, kiwo da ramuwa a waɗannan harsuna, daga bakin makiyaya da bulamomi, a gwada su da rarrabuwar doka. Na biyu, a tsayar da fassarar tambayoyin da ake yi wa wanda aka kama, yadda «ka ɗauka?» da «ka sata?» za su zama tambayoyi biyu, kowace da amsarta a takarda. Na uku, a horar da tafintocin kotu a matsayin masu sana'a. Muna fatan ɗaliban sashenmu da suka fito daga Difa za su fara da aiki na farko, domin su ne suka san waɗannan harsuna tun daga gida.